Gyaran Kurakuran Direbobin Sadarwa Marar Waya a Tsarin Linux

Gabatarwa

Kowace kwamfuta tana da wani babban tsari da ke raba aiki tsakanin sassanta, kuma a tsakiyar tsarin nan akwai abin da za a iya kira zuciya, wadda ita kaɗai ke da ikon taɓa ƙarfen na'urar kai tsaye. Zuciyar da ta fi kowace yaɗuwa a duniya ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa cikin 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Tun daga 1992 aka sa ta ƙarƙashin wata yarjejeniya da ta ba kowa damar karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa jama'a. A kanta wayoyin Android ke tafiya. Saboda haka aibun da ya shiga cikinta yana iya kaiwa ga aljihun ɗalibi da teburin ma'aikaci baki ɗaya.

Mene ne direba?

Zuciyar tsarin ba ta jin yaren kowane ƙarfe da aka dasa mata. Ɗan guntun rediyon da ke kama Wi-Fi yana da nasa umarni, wanda kamfanin da ya ƙera shi ya tsara. Direba shi ne tafintan da ke tsakaninsu: ya karɓi saƙo daga zuciya ya juya shi zuwa abin da guntun zai gane, ya kuma komo da amsa. To, da yake direban Linux a cikin zuciyar yake zaune, in ya yi tuntuɓe yana iya kayar da na'urar ɗungurungum.

Direban sadarwa marar waya ya fi sauran wuyar sha'ani. Iska ta kowa ce, saƙo yakan ɓace ko ya iso a gurguje. Guntun yakan yi barci don tanadin batir, sa'an nan ya farka. Wani lokaci ayyuka biyu sukan kai hannu wuri guda cikin ma'ajiyar na'ura a lokaci guda, ɗaya ya share abin da ɗayan ke karantawa. Irin wannan kuskure yakan fito yau, ya ɓuya har mako guda.

Zamanin ɓoye sirri

An kafa ƙa'idar 802.11, wadda Wi-Fi ke bi, cikin 1997. A shekarun da suka biyo baya kamfanoni da yawa sun ƙi bayyana yadda guntayensu ke aiki. Dole ta sa aka ƙirƙiro NDISwrapper cikin 2003, watau wata dabara ta aron direban Windows a ɗora shi bisa Linux. Ya yi amfani, amma in ya lalace ba mai iya gyarawa, domin ba a ganin cikinsa. Game da guntayen Broadcom kuwa, masu aikin sa kai sun rabu gida biyu: ƙungiya ɗaya ta binciki halin guntun ta rubuta bayani, ɗayar ta rubuta direba daga bayanin kaɗai, don kada a zarge su da kwafin kayan kamfani.

Al'amari ya sauya cikin 2007, sa'ad da aka shigar da mac80211 cikin fitowa ta 2.6.22. Wannan shi ne ginshiƙi guda da direbobi da yawa ke jingina da shi, maimakon kowane ya sake rubuta ƙa'idojin Wi-Fi da kansa. Kamfanin Atheros ya fito da buɗaɗɗen direbansa ath9k cikin 2008, Broadcom ma ya bi sahu cikin 2010.

Yadda ake farautar kuskure

Mataki na farko shi ne a sa kuskuren ya maimaita kansa da gangan, domin abin da ba a iya tayarwa ba a iya tabbatar da an kwantar da shi. Daga nan sai a duba rahoton da zuciyar ke rubutawa game da kanta, wanda yakan nuna inda take sa'ad da ta faɗi.

In kuwa abu ne da ke aiki a da, ya daina bayan sabuntawa, akwai hanya mai sauƙi. Kowace fitowar Linux, wadda ke zuwa bayan mako tara ko goma, tana ɗauke da gyare-gyare fiye da 10,000. Git, wanda Torvalds ya rubuta cikin 2005, yana adana su a jere. Mai bincike zai gwada tsakiyar jerin. In aibun na nan, ya san mai laifi yana rabin farko, in babu, yana rabi na biyu. Haka zai yi ta rabawa. Gwaji 14 sun isa a tsamo gyara guda daga cikin 16,000.

In an gano wurin, sai a rubuta faci, tare da bayanin abin da ya lalace da dalilinsa, marubucin ya sa sunansa. Mai kula da sashen ya duba, ya karɓa ko ya mayar. Daga nan facin ya wuce zuwa ga Torvalds, kana a kai shi ga tsofaffin fitowa da jama'a ke amfani da su. Babbar doka ita ce, kada gyara ya ɓata wa wani abin da ke yi masa aiki.

Darasin 2022

Cikin 2022, Sönke Huster na Jami'ar Fasaha ta Darmstadt a Jamus ya gano kurakurai biyar a sashen Wi-Fi na Linux, ta hanyar jefa masa gurɓatattun saƙonni barkatai. Kowace tashar Wi-Fi tana shelar kanta cikin iska, na'ura kuma tana sauraron shelar tun kafin ta haɗu da kowa. Ɗaya daga kurakuran na lissafin tsawon saƙo ne, har a zuba bayani fiye da wurin da aka tanada, ragowar ta malala inda bai kamata ba. Mugun da ke kusa yana iya aiko da shelar ƙarya ya kayar da na'ura, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yake tsagar a ginshiƙin gama-gari take, ta shafi guntayen kamfanoni dabam-dabam. Amma saboda dalilin nan ne kuma facin da Johannes Berg, mai kula da sashen, ya rubuta ya wadatar da su duka.

Kammalawa

Facin da aka rubuta ba ya tsare na'urar da ba a sabunta ba. Wannan nauyi yana wuyan ma'aikacin da aka damƙa wa kwamfutocin ofis. Ɗalibi kuma yana da nasa rabo ko bai iya rubuta direba ba: rahoto mai kyau, wanda ya faɗi irin guntun, da lambar fitowa, da matakan da ke tayar da aibun, shi ne abin da mai gyara ya fi bukata kafin ya soma aiki.