Kwanon telebijin da ɗan kansa

A Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, in mutum ya ɗaga kai zai ga kwanonin ƙarfe bisa soraye da katangu. Ana kiran su parabol. Mutane da yawa suna tsammanin kwanon ne ke kama hoto. Amma kwano shi kaɗai ba ya iya kome. Aikin na abubuwa huɗu ne: kwano, da kai, da waya, da dekoda.

Saƙon hoto da murya daga tauraron ɗan Adam yake saukowa. Tauraron yana can sama, nisan kilomita wajen 36,000, daidai bisa layin da ya raba duniya biyu. Yana kewaya duniya sau ɗaya cikin kwana guda, kamar yadda ita ma take juyawa. Don haka kullum wuri ɗaya yake a sararin sama. Nijar tana arewa da wannan layi, shi ya sa kwanoninta ba su fuskantar arewa.

Kafin saƙo ya iso ƙasa, ya yi rauni ƙwarai. Mai son jin magana daga nesa yakan sa tafin hannu bayan kunne. Haka kwano yake yi. Saƙo ya faɗo a cikinsa, sai kwanon ya mai da shi, ya tara shi wuri guda.

A daidai wurin nan ne aka kafa wani ɗan abu a bakin sandar ƙarfe. Shi ne kai. Masu gyara suna ce masa LNB. Ƙarami ne, bai fi kofin shan ruwa girma ba, amma aikinsa uku ne. Na farko, yana karɓar saƙon da kwano ya tara. Na biyu, yana ƙara masa ƙarfi. Na uku, yana rage masa sauri. Saƙon sama yana kaɗawa sau miliyan dubu 11 ko 12 cikin daƙiƙa guda. Da wannan sauri, zai ɓace cikin doguwar waya. Kai ne ke sauko da shi tsakanin miliyan 950 da miliyan 2,150.

Daga nan saƙo ya bi waya har ɗaki. Dekoda ta warware shi, ta miƙa wa telebijin hoto da murya. Ita kuma dekoda, ta wannan waya take aika wa kai wutar da yake aiki da ita, volt 13 ko 18. In waya ta yanke, kai ya rasa wuta, hoto ya ɗauke.

Da damina, ruwan sama mai ƙarfi yakan tare saƙo. Wannan ba lalacewa ba ce. In ruwa ya tsaya, hoto zai dawo. Amma in iska ta juya kwano ko da kaɗan, ko dutse ya lanƙwasa shi, saƙo ba zai ƙara faɗawa bakin kai ba. Sai maigida ya biya mai gyara. Saboda haka yaro mai hankali ba ya jifar kwano, ba ya lilo da waya. Ba ya hawa soro don ya gyara da kansa, balle lokacin hadari, domin tsawa tana iya kashe mutum.

Tambayoyi
1. Mine ne aikin kwano?
2. Waɗanne ayyuka uku kai yake yi?
3. Daga ina kai yake samun wuta?
4. Don mi hoto yake ɗaukewa lokacin ruwan sama?