Biri mai ganga na duwatsun Gashaka: abin da ya kamata ku sani

Duk manomin da ke da gona a gindin dutse a ƙasar Kagarko ya san biri, kuma ba da alheri ya san shi ba. Jan biri ya faɗa wa masara, gwaggon biri mai dogon baki ya tone gyaɗa da rogo. Shi ya sa in aka ce wani biri na neman ƙarewa a Najeriya, da yawa za su ce Allah raka taki gona. To, wanda za mu yi magana a kansa ba ya cikin waɗannan. Mutanen Serti da Gashaka a jihar Taraba suna kiransa biri mai ganga, masana kuma suna ce masa cimfanzi.

Baƙi ne, ba shi da wutsiya ko kaɗan, kuma ƙasaitaccen namiji yakan haura kilo 40. Iri huɗu ne a Afirka. Namu, wanda ba a samun sa ko'ina sai a Najeriya da Kamaru, arewa da kogin Sanaga, shi ne mafi ƙaranci a cikinsu. Ƙiyasin da masana suka fitar a 2011 ya nuna waɗanda suka rage ba su gaza 3,500 ba, ba su kuma wuce 9,000 ba. Ƙungiyar IUCN, mai lura da halin da dabbobi da tsirrai ke ciki a duniya, ta sa shi cikin jerin masu haɗarin ƙarewa.

Babban gidansa a ƙasar nan shi ne Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 tsakanin Taraba da Adamawa. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, babu gandun ƙasa da ya kai shi a Najeriya, kuma a can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar, mita 2,419. Ana ƙiyasin birai masu ganga kusan 1,000 ne a kurmukan da ke kwazazzaban waɗannan duwatsu.

Ganin su sai an sha wuya, domin suna gudun mutum. Yawancin abin da aka sani game da su, masu binciken da Farfesa Volker Sommer na Landan ya jagoranta tun shekarar 2000 a Kwano, cikin gandun, sun tattara shi ne daga abin da biran suka bari a baya: gadonsu, sandunansu da kashinsu. Kowace yamma babba yakan hau itace, ya tanƙwaso rassa, ya saƙa su, ya shimfiɗa ganye, ya kwanta. Gobe kuma ya yi sabo a wani wuri. Da ƙidayar waɗannan gadaje ake gane yawansu. Abincinsu galibi 'ya'yan itace ne, musamman ɓaure, amma suna da wayon da ke ba mutum mamaki. Biri zai karyo reshe, ya zage ganyen, ya tsoma shi cikin ramin kwarkwasa, su hau, ya zare ya kai baki, ba tare da ya sa hannu sun cije shi ba. Zuman galla kuwa, da sanda mai kauri yake fasa gidan, sannan ya ɗauko siririya ya riƙa lakato zuman. Abin lura, 'yan'uwansu na wasu ƙasashe sun shahara da kamun gara da tsinke, amma na Gashaka ba a ga suna yi ba. Wato kowane gungu da abin da ya gada, ɗa yana koya ne daga kallon uwarsa. Gangar da ake faɗa kuwa gindin manyan itatuwa ne masu faffaɗar saiwa irin ta rimi. Namiji ya doke ta da hannu da ƙafa, amon ya ratsa kurmi, sauran su san inda yake.

Rauninsu yana wajen haihuwa. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 13 ko 14. Ciki wata takwas, ɗa ɗaya, kuma sai ta yi shekara biyar ko shida tana reno kafin ta sake. Don haka uwa guda da maharbi ya kashe, ko tarkon waya da aka ɗana wa gada ya tsinke mata hannu, giɓi ne da gungu zai yi fiye da shekara goma bai cike ba.

Abu biyu ne suka daɗe suna kare su: wuyar hawan dutse, da kuma cewa yawancin mazauna yankin Musulmi ne da ba sa cin naman biri. Yanzu duka biyun ba su isa ba. Mafarauta na shigowa daga nesa su kai naman kasuwa. Masu haƙar ma'adinai na kafa sansani a cikin daji. A shekarun da kasuwar katakon madobiya, wanda 'yan kasuwa ke kira madrid, ta buɗe zuwa ƙasar Sin, an yi wa dazukan Taraba kaca-kaca, har aka sa itacen cikin waɗanda yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu daga 2017. Hanyoyin da motocin katako suka fasa kuwa suna nan. Sai wutar daji da ake cinnawa kowane rani don sabuwar ciyawa, wadda ke cin bakin kurmi kaɗan-kaɗan. Wanda ke son ganin inda hakan ke kaiwa ya duba Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, kusa da ƙauyen Yelwa: kurmin ya koma 'yan murabba'in kilomita kaɗan a tsakiyar makiyaya, da ɗan gungun birai da suka yanke daga 'yan'uwansu. A can Dakta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da matasan ƙauyen suke shinge, suna yanka hanyar tare wuta, suna dasa itatuwan asali. A Gashaka kuma, tun 2017 gidauniyar ANI ta haɗa hannu da hukumar gandun daji ta ƙasa wajen ɗaukar masu gadi daga garuruwan yankin.

Mai karatu a Jere ko Kubacha zai iya cewa Taraba da nisa. A ganina ba ta yi nisan da ake zato ba. Ruwan da ke sauka daga waɗannan duwatsu shi ke shiga kogin Taraba ya faɗa Binuwai, kuma biran nan ne ke haɗiye manyan ƙwallayen da tsuntsu ba ya iyawa, su kasayar da su a nesa, itace ya tsiro. Cutar da ke cin kurmin can kuwa ita ce tamu: buhunan gawayin da ke jere a bakin titin Abuja zuwa Kaduna, da kurmukan bakin rafi da ake sharewa har gaɓar ruwa don citta, da dajin Nindam na kusa da Kagoro da ke ta raguwa. Biran da suka rasa ɓaure a kurmi, gona za su nufa.

Sannan akwai ciniki. Dokar kare dabbobin da ke cikin haɗari ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta farautar biri mai ganga da sayar da shi. Uwa ba ta sakin ɗanta tana da rai, saboda haka duk jaririn da aka kawo tasha ko aka tallata a waya, an kashe uwarsa ne, sau da yawa har da wasu manyan da suka tsaya kare shi. Yawancin jariran ma ba sa daɗewa a hannun mutum, domin murar da mu ke sha mu warke tana iya kashe su.