3.2 Gurbin Farko a Jeri Mai Ƙayyadadden Tsawo

A fagen tsara manhajar kwamfuta, jeri na nufin wasu gurabe da aka keɓe daf da juna a ma'adanar kwamfuta domin ajiye bayanai iri ɗaya a ƙarƙashin suna guda. Idan tsawonsa ƙayyadadde ne, to tun wajen keɓe shi ake yanke yawan guraben, ba ƙari ba ragi. Alal misali, ana iya keɓe gurabe 10 domin makin ɗalibai 10, a raɗa wa jerin suna maki.

Harsunan kwamfuta sun sha bamban dangane da lambar gurbin farko. FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, daga 1 yake farawa. Pascal na Niklaus Wirth (1970) ya bar wa mai tsarawa zaɓi. Shi kuwa C, wanda Dennis Ritchie ya samar a 1972, daga sifiri yake farawa, wato maki[0] ne na farko, maki[9] na ƙarshe.

Dalili kuwa shi ne, a C wannan lamba ba matsayi take nunawa ba, tazara ce daga bakin jerin. A ƙaddara jerin ya fara daga adireshi na 1000, kuma kowane gurbi yana cin bayit 4. Kwamfuta za ta ninka lambar sau 4, ta tara da 1000. Ke nan maki[3] yana 1012, maki[0] kuwa yana 1000 ɗin, domin babu tazara tsakaninsa da bakin jeri. Hasali ma, Edsger Dijkstra ya rubuta taƙaitacciyar maƙala a 1982 yana goyon bayan farawa daga sifiri.

Abin lura a nan shi ne, kuskuren da ake yi ba ya bayyana kansa. Wanda ya saba da FORTRAN ya rubuta maki[1] zai sami makin ɗalibi na biyu, kwamfuta kuma ba za ta ce uffan ba. Mafi muni shi ne maki[10], domin ya fita daga jerin, ga shi C ba ya duba iyaka. Irin wannan ƙetare iyaka na cikin kafofin da tsutsar Morris ta bi ta yaɗu a intanet a 1988.

Ƙa'idar C ba ta yarda da jeri marar gurbi ko ɗaya ba, saboda haka maki[0] yana nan koyaushe. Sai dai idan ba a zuba masa komai ba, mai yiwuwa abin da za a karanto ragowar wani aiki ne da ya gabata.