Tsoro, Kwaɗayi da Kamun Kai: Duba Daga Ruwan Godiya

Duk wanda ya taɓa noma masara a yankin Ruwan Godiya, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, ya san gardamar da ke tashi a ƙirjin manomi da kaka. An sussuke, an ɗure a buhu, ga dillali a ƙofar gida da kuɗi a hannu. Wata zuciyar ta ce a sayar yau, a biya bashin taki, a yi wa yara ɗinki. Wata ta ce a dakata zuwa bazara, lokacin da hatsi kan yi daraja a kasuwannin Dandume da Funtuwa. Galibi ta farkon ke yin rinjaye, sai masu zaman inuwa su ce manomi ba shi da haƙuri. Hukuncin nan ya yi tsauri, kuma binciken ƙwaƙwalwa bai mara masa baya ba.

A 1935 wani Ba'amurke, John Ridley Stroop, ya wallafa wani gwaji mai sauƙi. A rubuta kalmar "ja" da koriyar tawada, a ce ka faɗi launin tawadar. Bakinka zai so ya ce "ja", don karatu ya riga ya zame maka jiki, sai ka ɗan yi jim kafin ka ce "kore". A cikin wannan ɗan jim ɗin, gaban ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke bayan goshi, ne ke danne amsar da ta yi gaba, ya zaɓo wadda ta dace. Da shi mai azumi ke kawar da kai daga randa, da shi wanda aka zaga ke haɗiye martani.

Sai dai sashen nan yana gajiya, kuma tsoro na daga cikin abubuwan da suka fi raunana shi. Akwai wani ƙaramin sashe can ciki, amigdala, mai saurin hango haɗari. Idan ya motsa, jiki kan sako sinadaran firgici, gaban ƙwaƙwalwa ya ja baya, gudu ko faɗa su karɓi ragama. Wannan rahama ce ga wanda maciji ya tare. Amma ga mutanen da suka shafe shekaru suna kwana da kunne ɗaya a waje saboda 'yan bindiga, suna tantance ƙarar babur ta gari da ta baƙi, abin ya zama nauyi. A Ƙanƙara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ranar 11 ga Disamba, 2020. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Wanda ya rayu cikin wannan, barcinsa rabi ne, nutsuwarsa ma haka.

Bashi ma na cin nasa rabon. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, kafin girbi da bayansa, har da irin gwajin Stroop. Mutanen dai su ne, amma sun fi ƙoƙari bayan kuɗi sun shigo. Manominmu kuwa dillali na iske shi ne daidai lokacin da masu bin bashi suka fi matsa masa.

Sai batun lada, wanda ke da fuska biyu. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Wolfram Schultz, ya nuna a kan birai cewa ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin kan zabura tun daga ganin alamar lada, kafin ma ya shiga baki. Shi ya sa damin kuɗi da ido ya gani ke rinjayar ribar da sai an ƙiyasta. Ta wannan ƙofar ce ake farautar matasa su zama infoma, masu kai wa 'yan bindiga bayani: ga kuɗi nan take, a nuna gida ɗaya kawai. Gaban ƙwaƙwalwa kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wannan ba uzuri ba ne ga mai cin amanar garinsu, sam, amma yana nuna wa iyaye inda ɓarakar take.

Ɗaya fuskar ita ce lada na ƙarfafa kamun kai. Idan aka yi wa mutane alkawarin kuɗi a kan amsa daidai a gwaje-gwaje irin na Stroop, hankalinsu kan ƙara taruwa, ruɗun ya ragu. Sharaɗin shi ne su gaskata alkawarin. A Jami'ar Rochester ta Amurka, a wani bincike na 2013, an ajiye wa yara alewa, aka ce wanda ya jira zai sami biyu. Waɗanda aka taɓa cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. To, manomin da ya san ana iya fasa rumbunsa ko a cinna masa wuta kafin bazara, in ya sayar da kaka, lissafi ya yi.

Tun da daɗewa malaman fiƙihu suka hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, suka haɗa da matsananciyar yunwa da tsoro. Mai gida ma alƙali ne a gidansa. Sayar da gona, sakin aure, ko nuna maƙwabci a ce infoma ne, kada a yanke ko ɗaya washegarin hari. A kwana, a ci abinci, a kira wani ɗan uwa da abin bai taɓa ba, sannan a yi magana. Su kuma shugabanni, daga mai unguwa har gidan gwamnati a Katsina, kafin su hori talaka da haƙuri, su tabbata takin da aka yi alkawari ya iso kafin shuka, hanyar kasuwa kuma ta biyu lafiya.