Yadda Lasisin Waya Ya Buɗe Kasuwa

Kafin 2001, samun layin tarho a Nijeriya sai mai uwa a gindin murhu. NITEL ce ke riƙe da kusan duk harkar, kuma layukan da ke aiki a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 100 ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun shekarar, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM a fili, kowane lasisi kan dala miliyan 285. Zuwa Agusta, Econet da MTN sun fara aiki. Abin lura a nan shi ne yadda aka yi cinikin: an shimfiɗa sharuɗɗa tun kafin a fara tayi, kuma mai kuɗi ya san abin da ya saya da tsawon shekarun da zai ci moriyarsa. Wannan tabbacin ne ya sa aka yarda aka kafa turakun sadarwa har cikin ƙauyuka.

Akwai masu cewa ai gwamnati janye hannunta ta yi, don haka yabon na kasuwa ne. Magana ce mai kama hankali, amma ta bar rabin labarin. Da an bar kamfanoni da son ransu, babba zai iya hana kiran ƙarami shiga layinsa, ko ya ɗora masa kuɗin da zai durƙusar da shi. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta musu haɗa layukansu, ta kuma ba NCC ikon shiga tsakani. Da irin wannan kariya ne Glo, kamfanin ɗan ƙasa, ya shigo a 2003 da lissafin kira bisa daƙiƙa, a lokacin da ake biyan kuɗin minti cikakke ko da sallama kawai aka yi. Ba a jima ba manyan suka bi sahu, ba don suna so ba.

Wasu kuma na cewa riba mai tsoka ta tafi waje, tunda MTN na Afirka ta Kudu ne. Da gaskiyarsu, sai dai a leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ga matashi zaune gaban ɗan teburi, fitila a kansa, yana ɗaga fasasshen gilashin waya da tsinken ƙarfe, almajiransa biyu na kallon hannunsa. Sana'a ce da babu ita kafin 2001. Haka mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a garin da babu banki: ƙa'idar wakilan banki da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2013 ce ta halatta masa karɓar kuɗi da biya a madadin banki.

Inda doka ke yin ɓarna shi ne idan ta faɗo dare ɗaya. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin. Dalilin tsaron rayuka da ta bayar ba wasa ba ne, amma haramcin ya haɗa har da kamfanoni irin su Gokada, waɗanda ke horar da matuƙa, suna ba su hular kwano, suna bin sawun kowane babur ta manhaja. Sanarwar 'yan kwanaki aka ba su. Gokada ya sallami matuƙa da dama, ya koma kai saƙo da abinci.