Wasannin waya a Madawa, Buza da Keita: Ana bugawa, amma ra'ayin masu bugawa ba ya isa ga masu ƙirƙira

Duk matashin da ya ƙirƙiri ƙaramin wasan waya a yau, ya kuma so ya ɗora shi a rumbun manhajoji na Google Play da sabon asusu na ƙashin kansa, sai ya cika wani sharaɗi tukuna. Dole ya nemo aƙalla mutum 12 su gwada wasan na tsawon kwana 14 a jere. Kamfanin Google ya kawo wannan ƙa'ida ne a watan Nuwamban 2023 da mutum 20, kafin ya rage adadin zuwa 12 a Disambar 2024. Manufar ita ce a gano kurakuran manhaja daga bakin masu amfani da ita kafin ta fita kasuwa.

Sai dai ƙa'idar ba ta faɗi su wa za a nemo ba. Mai ƙirƙira da ke Yamai ko Kano yakan tara abokan karatunsa ne, masu sababbin wayoyi da wadatacciyar data. Yaron da ke buga wasan a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar kuwa, sau da yawa da tsohuwar wayar yayansa yake bugawa, cajinta na kuɗi ne, kuma intanet sai an yi sa'a. Shi ne ya fi kowa sanin inda wasan ke maƙalewa, amma da wuya maganarsa ta kai ga wanda zai gyara.

Yadda wasa ke isa cikin waya

A wannan yanki na Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, wasanni da yawa daga hannu zuwa hannu suke yawo. Aboki ya tura wa aboki ta Xender ko Bluetooth, ko a je wurin masu cajin waya da tura fina-finai a bakin kasuwa ko tashar mota, a biya 'yan kuɗi a cika katin memori. Wasu wayoyin ma da wasanninsu suke zuwa, domin Adarawa sun daɗe da yin suna wajen tafiya cin rani zuwa Abijan, Najeriya da Libiya, kuma waya na cikin tsarabar da ake dawowa da ita gida.

Dalilin hakan a bayyane yake. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Masu amfani da intanet ba su kai rubu'in al'ummar ƙasar ba. Wanda ya sayi data daga Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, yakan adana ta ne don saƙonnin WhatsApp da 'yan uwa da ke nesa. Ba zai ƙarar da ita wajen sauke wasa mai nauyi ba alhali maƙwabcinsa na da shi.

Shi kansa Google ya san da wannan. Tun a 2018 ya ɓullo da tsarin da zai riƙa tantance manhajojin da aka tura ba tare da intanet ba ta hanyar SHAREit, Xender da makamantansu, ta yadda za su iya samun sabuntawa idan wayar ta hau layi. Wannan ya sauƙaƙa tafiyar wasa zuwa ga jama'a. Hanyar dawowa, wato ta ra'ayin jama'a zuwa ga mai wasa, tana nan yadda take.

Taurari biyar da rubutu

Hanyar da aka tanada don bayyana ra'ayi a rumbun manhajoji ita ce ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, sannan a rubuta sharhi. Kafin mutum ya yi hakan yana buƙatar asusun Google, da intanet, da iya rubutu. A ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, wannan sharaɗi na ƙarshe kaɗai ya isa ya rufe bakin mafi yawan jama'a, musamman mata da mazauna ƙauyuka. Ga shi kuma wayar da yara huɗu ko biyar ke karɓa-karɓa da ita, asusu ɗaya ne a kanta, ra'ayi ɗaya ke nan za ta iya bayarwa.

Daga Nuwamban 2021, Google ya fara nuna wa masu waya makin da mutanen ƙasarsu suka bai wa manhaja, maimakon na duniya baki ɗaya. Ma'anar wannan ga ƙaramin mai ƙirƙira a Nijar ita ce, sharhi kaɗan na iya ɗaga wasansa ko ya kayar da shi. Idan mutum uku suka ba shi tauraro ɗaya saboda wasan ya ƙi buɗewa a wayarsu, ba tare da sun yi cikakken bayani ba, ya yi asarar suna kuma bai san abin da zai gyara ba.

Masu irin wannan sana'a ba su da yawa a Nijar, amma akwai su. Mahaman Sani Housseyni Issa na kamfanin MOGMedia Design da ke Yamai ya fito da Les Héros du Sahel, wanda kafofin yaɗa labarai suka bayyana a matsayin wasan bidiyo na farko da aka ƙirƙira a ƙasar. Jaruminsa, Shamsou, daga hasken rana yake samun ƙarfi. Masu aiki irin wannan ba su da kuɗin ɗaukar ma'aikatan gwaji kamar manyan kamfanoni. Jarinsu shi ne abin da masu bugawa suka gaya musu.

Darasi daga Kano da Jigawa

Misalin da ya fi kusa da Adar na wasan da aka gina da bakin yara, ya samo asali ne daga rikicin Siriya. A Janairun 2016 hukumar raya ƙasashe ta Norway, Norad, ta buɗe gasar EduApp4Syria don samar da wasannin koyon karatu ga yaran da yaƙi ya raba da makaranta. An karɓi tayi 78 daga ƙasashe 31, aka yi ta tacewa mataki-mataki, kuma a cikin tacewar an riƙa miƙa wasannin ga yaran Siriya su gwada, ana lura da abin da ya ja hankalinsu da abin da ya gundure su. A Maris 2017 aka fitar da guda biyu, Antura and the Letters da Feed the Monster, daga baya kuma aka auna tasirinsu a sansanin 'yan gudun hijira na Azraq da ke Jodan.

Feed the Monster, wato ciyar da dodo, wasa ne mai sauƙi. Yaro zai ji sautin harafi, ya nemo harafin ya jefa wa wani ɗan dodo a baki, dodon kuma yana girma yayin da yaron ke wuce matakai. Da yake an bar wasan a buɗe ga kowa ya gyara, ƙungiyar Curious Learning ta mayar da shi zuwa harsuna sama da 50, ciki har da Hausa.

Wannan sigar ce ta shiga wani binciken Bankin Duniya da Victor Orozco-Olvera da Ericka Rascón-Ramírez suka gudanar a jihohin Kano da Jigawa, wanda ya shafi gidaje sama da 9,000 masu yara 'yan shekara shida zuwa tara. An nuna wa iyaye fina-finan ƙarfafa gwiwa kan ilimi, wasu gidajen kuma aka ƙara musu da wayoyin da aka riga aka zuba wa wasan da littattafan Global Digital Library. Sakamakon ya nuna fina-finan sun rage yawan yaran da ba sa zuwa makaranta da kashi 42 cikin 100, amma ƙaruwar iya karatu da lissafi a gidajen da suka samu wayar aka gan ta. Har yayyen yaran, waɗanda ba don su aka ba da wayar ba, sun amfana.

Haka ma shirin Can't Wait to Learn na ƙungiyar War Child, wanda ya fara a Sudan ya kuma kai har Chadi. Kafin a zana wasan kowace ƙasa, ana zama da yaran wurin, su yi zane su ba da labari, daga nan ake ɗauko kamannin gidaje, kasuwa da mutanen da ke cikin wasan. A duka misalan biyu, masu aikin ne suka taka zuwa inda yaran suke.

Abin da ɗan Adar zai iya gyarawa

A Maris 2025 sabon kundin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan zai ƙara buƙatar kayan koyo da Hausa, kuma mafi sauƙin samu su ne waɗanda aka riga aka shirya a Najeriya. A nan ne ra'ayin mutanen Tawa zai yi amfani.

Yaron Buza "tahi" yake cewa inda ɗan Kano ke cewa "tafi", yana cewa "hwara" da "biyat" a maimakon "fara" da "biyar". Wasan da ke koyar da sautin harafin f da muryar Kano zai iya rikita shi a matakin farko, ba don ya gaza ba, sai don kunnensa bai saba da sautin a wannan gurbi ba. A rubutu ma akwai bambanci, domin makarantun Nijar da harafin ƴ mai lanƙwasa suke koyarwa, inda littattafan Najeriya ke rubuta 'y. Wasan lissafi da ke ƙirga naira kuma baƙo ne ga yaron da ya tashi yana jin dala da jaka, ya san dala ɗaya sefa biyar ce. A Keita, inda Buzaye da Fulani ke zaune tare da Hausawa, akwai yaran da Hausar ma harshe na biyu ce a gare su. Malamin aji ɗaya a ƙauye zai gano duk waɗannan cikin mako guda. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko a wasannin nishaɗi haka abin yake. Dara tana da gurabe 30, layi biyar a shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Amma ƙananan ƙa'idojinta sukan bambanta daga gari zuwa gari, kamar hukuncin jera huɗu, ko wane ɗa ne ya halatta a ci. Duk wanda zai mayar da dara cikin waya dole ya zaɓi ƙa'ida ɗaya, kuma dattawan da ke buga ta a gindin bishiya ne kaɗai za su gaya masa ko ya dace. Idan ya saurare su, zai iya sa wa wasan zaɓi, kowa ya buga irin ta garinsu.

Akwai kuma koke-koken da duk mai ƙaramar waya ya sani: wasa ya cika nauyi, yana shan caji, rubutunsa ƙanana ne, ko tallace-tallace na cinye data da zarar an kunna intanet. Iyaye kuma na da haƙƙin sanin irin tallan da ke faɗowa a gaban yaransu, tunda wasu na cacar ƙwallo ne.

Yadda za a buɗe hanyar

Kayan aikin da ake buƙata suna nan a hannun jama'a. Saƙon murya na WhatsApp ba ya buƙatar iya rubutu, kuma shi ne abin da iyalan 'yan cin rani suka fi sabawa da shi. Mai ƙirƙira zai iya sa lambar karɓar saƙo a cikin wasan kansa, da bayani cikin murya da Hausa, ta yadda duk inda aka tura wasan lambar na tare da shi. Masu tura fina-finai a kasuwannin mako-mako sun san wasan da ake nema da wanda ake dawowa a ce a goge, don haka sun cancanci a sa su cikin mutum 12 na gwaji. Gidajen rediyon al'umma da ke buɗe layi ga masu sauraro, da malaman makarantun boko da na allo, su ma hanyoyi ne.

Su ma masu bugawa akwai nasu aikin. Cewa "wasan ba shi da kyau" ba ta gyara komai. Saƙo mai amfani shi ne wanda ya faɗi sunan wayar, matakin da aka kai, abin da aka taɓa, abin da ya faru bayan nan, da ko intanet na kunne a lokacin. Idan da hoton fuskar wayar, ya fi. Idan yaro ne ke bugawa, babba ne ya kamata ya aika saƙon, ba tare da hoton yaron ko cikakken sunansa ba.

Abu na ƙarshe yana wuyan mai ƙirƙira. Wanda ya ba da shawara bai ga an yi aiki da ita ba, ba zai sake ba. Idan an gyara, sai a sanar ta hanyar da saƙon ya zo, a kuma tabbatar sabuwar sigar ta kai ga masu turawa a Madawa, Buza da Keita. In ba haka ba, tsohuwar mai kuskure ce za ta ci gaba da yawo daga waya zuwa waya.