Wa ke rubuta wa ɗanka aikin jami'a?

Makiyayi a ruga, ɗan kasuwa a bakin iyaka, wannan maganar taku ce. Da yawanku kun sayar da bijimi a Maigatari ko Illela, ko kun taɓa jari, don yaro ya yi karatu a jami'ar Maraɗi, Damagaram, Sakkwato ko Katsina. To, yadda ake aikin rubutu a can ya canza.

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da manhajar ChatGPT. Ɗalibi ya rubuta mata tambayar da malami ya bayar, kafin shayi ya tafasa ta zubo masa shafi uku tsaf, da Faransanci ko Turanci.

Sai dai fa ba sani gare ta ba. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. Kun san irin dillalin nan da bai taɓa kiwo ba, amma ya haddace bakin masu shanu, ya faɗa maka shekarun saniya bai ko buɗe bakinta ya duba haƙori ba? Haka take. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta ƙirƙiro sunan littafi da marubucinsa alhali babu su a duniya, kuma muryarta ba ta rawa. Abin ya fi muni a kan al'amuranmu, irin su burtali, mashaya da cinikin kan iyaka, don ba a rubuta su da yawa ba.

Kamawa ma da wuya. OpenAI da kansa ya yi manhajar gane irin wannan rubutu, ya janye ta a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Amma ranar kare kundin digiri gaban malamai, waya ba ta amsa wa kowa.

Ba mu ce a raba yaro da ita ba. Tana gyara nahawu, tana warware abin da ya shige masa duhu. In ya zo hutu, ka zaunar da shi ya bayyana maka abin da ya rubuta da Hausa ko Fulatanci, waya na aljihu. Ka tambaye shi a wane littafi ya samo, kuma ko ya taɓa riƙe littafin a hannunsa.